Tambaya da Amsa: Yadda Ake Auna Zafin Kan Firinta Mai Fesa Tawada

Tambayoyin wannan makon sun taru ne a kan abu guda: zafin kan firinta, wato hed ɗin da ke kai da komowa yana fesa tawada a kan takarda. Duk inda muka ce digiri, a ma'aunin Salshiyas muke nufi.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai gyaran firinta ne. An kawo mini wata da ke tsayawa a tsakiyar aiki tana nuna cewa kanta ya yi zafi. Na buɗe murfi nan take na haska shi da bindigar auna zafi, sai ta ba ni digiri 31. Wa zan gaskata, firintar ko bindigar?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Firintar za ka fi gaskatawa. Bindigar ta faɗi gaskiyar abin da ta gani, sai dai ba wurin da zafin yake ta gani ba.

A firintar da ke fesa tawada da zafi, irin yawancin na HP da Canon, zafin yana tashi ne a kan wani siririn gutsuren silikon da ke ƙasan hed, can inda ƙofofin feshi suke. Faɗinsa 'yan milimita ne kawai, kuma fuskarsa tana kallon takarda, tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce milimita ɗaya zuwa biyu ba. Kai kuwa daga sama kake haskawa, inda robar katrij da tankin tawada suke. Roba ba ta ɗaukar zafi da sauri, don haka silikon yana iya kaiwa digiri 70 alhali bayan katrij bai ko ɗumama ba.

Ko da ka ciro hed ɗin ka juya shi, sauran matsaloli suna nan. Bindiga ba ta auna ɗigon jan hasken da kake gani. Shi hasken don saiti ne kurum. Tana auna wani da'ira ne mai faɗi, ta ɗauki matsakaicin zafin duk abin da ya faɗo ciki. A jikin yawancinsu za ka ga an rubuta 12:1, ma'ana daga nisan santimita 12 da'irar tana da faɗin santimita 1, kuma a masu araha ba ta ƙanƙancewa fiye da haka komai kusantowar da ka yi. Silikon ɗin da bai kai rabin wannan faɗin ba zai nutse a cikin sanyin robar da ke kewaye da shi.

Sannan akwai batun ƙyalli. An saita yawancin bindigogin nan a kan 0.95 a ma'aunin yadda fuskar abu ke fitar da zafinta, lambar da ta dace da abu mai duhu maras sheƙi kamar roba ko fenti. Ƙarfe mai sheƙi kuwa lambarsa tana iya faɗuwa ƙasa da 0.1. Irin wannan fuskar ba ta fitar da zafinta yadda bindiga za ta gani, tana dai mayar da zafin abubuwan da ke gabanta kamar madubi, har da na hannunka. Wasu hed ɗin farantin ƙofofinsu ƙarfe ne mai sheƙi, ga shi kuma da danshin tawada da ke bushewa yana sanyaya fuskar.

Abin da ya fi duka ɓata awon shi ne lokaci. Gutsuren silikon ba shi da nauyi, yana manne da tawada, yana hucewa cikin daƙiƙu kaɗan. Kafin ka ɗaga murfi, keken hed ya tsaya, ka saita bindiga, zafin da ya sa injin ya tsaya ya riga ya tafi. In kuma bindigar irin ta auna zazzaɓi ce, ajiye ta gaba ɗaya, domin an yi ta ne don goshin mutum, a tsakanin digiri 32 da 43 ko kusa da haka.

Maimakon ka sake haskawa, buga shafin gwajin ƙofofi ka duba. In ka ga layuka sun yanke ko wata kala ta ɓace, tawada ce ba ta isa ga hed, kuma zafin na gaske ne. Tawadar nan ita ce ruwan lagireton hed: kowane ɗigo da ya fita yana tafiya da wani kaso na zafin. Ƙofar da ta toshe ko iska ta shige ta tana ci gaba da karɓar wuta ba tare da abin da zai ɗauke zafin ba. Kada ka matsa wa injin ya ci gaba da bugu a haka, don hed ɗin da aka bari yana harbi a bushe ƙonewa yake yi, kuma ba ya gyaruwa.

Tambaya: Ta yaya ita firintar take sanin zafin kanta? Kuma zan iya karanta wannan awon da mitata ta gyara?

Amsa: Hanyoyi uku ne aka fi amfani da su, kuma sai ka san wadda ke gabanka kafin ka ɗora mita, domin ba iri ɗaya suke amsawa ba.

Ta farko siririyar hanya ce ta alminiyom da aka zana a kan silikon ɗin kansa, tana zagaye layin ƙofofi. HP sun daɗe suna amfani da ita. Ƙarfe idan ya yi zafi turjiyarsa ga wuta, wadda ake aunawa da om, tana ƙaruwa, kuma ta alminiyom tana hawa da kusan kashi 0.4 cikin 100 a kowane digiri. Ta biyu diyod ne da aka gina a cikin silikon, kamar yadda ake samu a na Canon. Idan aka tura masa wuta maras canzawa, bolt ɗin da ke kansa, wanda yake kusan 0.6 a zafin ɗaki, yana raguwa da kusan milibolt 2 a kowane digiri. Ta uku tamisto ne, ɗan ƙaramin rezisto da turjiyarsa ke faɗuwa idan zafi ya hau. Shi aka fi samu a hed ɗin da ba ya tafasa tawada, wanda ke matso ta da kiristal mai motsi idan wuta ta taɓa shi, irin na Epson da na manyan injunan buga allunan talla.

Biyun farko suna kan silikon, suna jin zafin kusan nan take. Tamisto kuwa yana zaune ne a ɗan allon lantarkin hed ko a jikin ƙarfensa, saboda haka zafinsa ba kullum yake daidai da na tawada ba.

Ana iya karanta su da mita, amma da sharaɗi. Kashe injin, zare filogi, ka jira 'yan mintuna wutar da ta taru a allo ta sauka. Wasu injunan suna ba hed ɗinsu bolt 42. Kada ka taɓa zare faffaɗar wayar hed ko mayar da ita da wuta a jiki. Taɓa ƙarfen jikin injin kafin ka taɓa hed, don tartsatsin da jikin mutum ke tarawa ya isa ya kashe shi. Sai ka nemo littafin gyaran wannan samfurin ka ga ƙafafun sensa. Kada ka bi ƙafafu kana lalube, domin mita da kanta tana tura 'yar wuta idan tana auna om.

Ga abin da mutane da yawa ke kuskurewa. Sensar alminiyom ba ta da lamba guda da za ka haddace. Hed biyu daga masana'anta ɗaya suna iya bambanta da kashi da yawa cikin ɗari a zafi iri ɗaya, kuma tunda kowane digiri kashi 0.4 ne kacal, bambancin kashi 10 daidai yake da kuskuren digiri 25. Shi ya sa injin ke kwatanta wannan sensa da wani ma'auni na daban, ko da lambar gyara da aka ajiye wa hed ɗin tun daga masana'anta. Kai ma haka za ka yi. Bar hed ɗin ya kwana a ɗaki ba tare da aiki ba, ka ajiye ma'aunin zafi mai kyau kusa da shi, ka auna om, ka rubuta lambobin biyu. Wannan ne tushenka. A ɗauka, don misali kawai, ka sami om 300 a digiri 25. Kowane digiri zai ƙara om 1.2. In daga baya ka ga 336, ƙarin om 36 ke nan, raba da 1.2, digiri 30, hed yana kan 55.

Tamisto ya fi sauƙi. Wanda aka fi yawan samu shi ne mai kilo-om 10 a digiri 25. In lambar lanƙwasarsa, wadda ake kira B, 3950 ce, zai ba ka kusan 6.5 a digiri 35, da 5.3 a 40, da 3.6 a 50, da 2.5 a 60. Ka lura raguwar ba a miƙe take ba, tana sassautawa yayin da zafi ke hawa, don haka lissafin raba-daidai ba ya aiki a nan, sai da jadawali. Gwaji mafi sauri: riƙe hed ɗin a tafin hannu ta gefen tamisto, ba ta fuskar ƙofofi ba, kana kallon mita. Lambar ta riƙa sauka a hankali ba tare da tsalle ba. In ta tsaya cak ko tana tsalle-tsalle, akwai tsagewa a dalma ko a waya.

Tambaya: Ranku ya daɗe. Tawa firintar da sassafe, tana kwana a kashe, ina kunna ta take nuna kuskuren zafin kai. Ko shafi ɗaya ba ta buga ba. Yaya abin da bai yi aiki ba zai yi zafi?

Amsa: Malama, bai yi zafi ba. Hanyar da labarin zafin ke bi zuwa allo ce ta lalace, kuma wannan labari ne mai daɗi, don sau da yawa gyaransa goge-goge ne. A injunan Canon da dama lambar wannan kuskuren 5200 ce. Sauran kamfanoni kowa da tasa.

Ki duba bayan katrij ko hed, za ki ga ɗigo-ɗigon ruwan zinariya a jere, kuma a cikin keken akwai 'yan ƙusoshi masu sifirin da ke danna su. Ta nan awon ke wucewa. Allon injin ba shi da yadda zai bambanta turjiyar sensa da turjiyar datti, duk haɗa su yake yi. Mu koma ga misalin da muka bayar a sama, na om 1.2 a kowane digiri: in busasshiyar tawada ko tsatsa ta ƙara om 24 a wurin haɗuwar, injin zai ƙara digiri 20 a kan gaskiya. In haɗuwar ta yanke gaba ɗaya, zai ga kamar hed na ci da wuta. A mai diyod ko tamisto kuma akasin haka ne ke jawo ƙaryar zafi: tawadar da ta malala ta haɗa ƙafafu biyu tana rage bolt ko om, injin ya fassara shi da zafi. Tamisto da wayarsa ta tsinke yana nuna sanyin da ba zai yiwu ba.

Ki zare filogi, ki ciro katrij. Ki ɗan jiƙa ƙyalle maras gashi da tataccen ruwa ki goge ɗigon zinariyar, domin tawadar ruwa ta fi narkewa a ruwa. Sai ki bi da sinadarin goge allon lantarki da ake kira aisofirofil, mai ƙarfin kashi 99. Ki yi wa ƙusoshin keken haka a hankali, kada su lanƙwashe. Kada ki kankare da reza ko sanfefa, rufin zinariyar siriri ne ƙwarai. Ki bari su bushe sarai, kamar minti goma sha biyar, kafin ki mayar. In katrij biyu ne, baƙi da mai kala, kuma akwai wasu da kika tabbata lafiyarsu lau, ki sauya ɗaya-ɗaya don ki gane mai laifin. Kuskuren da ya ƙi tafiya bayan an sa lafiyayyen hed yana nuna faffaɗar wayar da ke bin keke ce ta karye ta ciki saboda yawan lanƙwasawa, ko kuma allon ne.

Tambaya: Na ji an ce hed yana kaiwa digiri 300. In haka ne, me ya hana robar narkewa?

Amsa: Gaskiya ne, amma a wuri ƙanƙani da lokaci ƙanƙani. A bayan kowace ƙofa akwai ɗan hita da bai kai kaurin gashi ba. Ana ba shi wuta na 'yan miliyan-kason daƙiƙa, siririn fatar tawadar da ke kansa ta kai kusan digiri 300, ta zama kumfar tururi, kumfar ta tura ɗigo waje, sabuwar tawada ta shigo ta huce wurin. Ba wata mita ta hannu da za ta kama wannan. Abin da sensa ke aunawa shi ne ragowar zafin da ke taruwa a jikin silikon bayan dubban harbi a kowace daƙiƙa, wanda yake a gomomin digiri. Shi ne kuma injin ke kula da shi: in ya yi ƙasa, ya aika gajerun bugun wuta da ba su isa fitar da ɗigo ba don ya ɗumama hed, in ya yi sama, ya rage gudu ko ya ɗan dakata a ƙarshen layi.

Tambaya: Muna aiki da babban injin buga allunan talla mai tawadar da haske ke busarwa. An saita hed a digiri 45, fuskar injin ma 45 take nunawa, amma bugun farko na safe yana fita da layi-layi, kala a kodaɗɗe, sai an jima ya daidaita. Ta yaya za mu san ainihin zafin tawadar?

Amsa: Wannan ita ce tambayar da awo na gaskiya ya fi amfani a cikinta, don a irin injinku digiri biyu ko uku suna bayyana a kan aiki.

Dalilin ɗumama hed shi ne kaurin tawada. Ruwa ma kansa kaurinsa yana raguwa da kusan kashi 2 cikin 100 a kowane digiri: in aka ce 1.0 ne a digiri 20, yana komawa 0.65 a digiri 40. Tawadarku ta fi ruwa kauri nesa ba kusa ba, kuma zafi ya fi tasiri a kanta. A zafin ɗaki ta yi wa hed kauri, sai an kai ta wajen digiri 40 zuwa 50 take saukowa kusa da 10 a wannan ma'aunin, inda yawancin irin waɗannan hed ɗin suke son ta. In ta fi haka kauri, ɗigo yana fita ƙarami kuma a hankali, ya makara, ya sauka gefen inda aka nufa, wasu ƙofofin ma su ƙi harbi. Layi-layin da kodewar ke nan. In ta yi ruwa da yawa kuma, ɗigo ya fashe ya bar ƙura a gefen rubutu, fuskar hed ta jiƙe.

Lambar 45 da kuke gani zafin wurin da tamisto yake ne, kuma yawanci kusa da hita aka dasa shi. Shi zai riga kowa kaiwa 45. Ƙarfen hed da tawadar da ke cikinsa da ƙaramin tankin da ke sama suna biyo baya da mintuna. Da bugu ya fara kuma, sanyayyar tawada daga bututu tana shigowa, tana ja zafin ƙasa. Fuskar injin ba za ta nuna muku wannan ba.

Don ku gani da idonku, ku nemi tamokopul, wato ma'aunin zafi na wayoyin ƙarfe biyu mabambanta da aka haɗe a kai, mai siririyar waya, kaurin kusan milimita 0.1, mai tsiraran kai kamar ƙwayar yashi. Mai kaurin sanda ba zai yi ba, yana zuƙe zafin wurin da ya taɓa, ya ba da lambar da ta gaza gaskiya. Nau'in K shi ne ya fi yawa, amma kuskuren da aka yarda masa ya kai digiri 2.2 sama ko ƙasa, wanda ya kusa girman abin da kuke nema. Nau'in T ya fi shi daidaito a wannan zangon. In K ɗin ne a hannu, sai an gwada shi tukuna kamar yadda za mu faɗa a amsar ƙarshe.

Ku kashe injin. Ku nemi gefen ƙarfen hed mafi kusa da farantin ƙofofi, a gefe, ba a ƙasa ba. Fuskar ƙofofi tana da rufi na musamman mai hana tawada mannewa, gam ɗin salatif yana lalata shi, ga kuma tazarar da ba za ta ɗauki waya ba. Ku goge wurin, ku ɗiga man haɗa zafi irin wanda ake sa wa kwakwalwar kwamfuta, ɗan mitsitsi, ku kwantar da kan tamokopul a ciki, ku danne da salatif mai jure zafi, wannan mai ruwan zuma. Ku bar santimita biyu ko uku na wayar su kwanta a jikin ƙarfen ƙarƙashin salatif kafin ta tashi, don kada wayar ta riƙa jan zafi zuwa iska. Ku ɗora ɗan soso a kai ya kare shi daga iskar da keke ke kaɗawa idan yana gudu. Sauran wayar ku bi da ita ta hanyar da bututun tawada ke bi, ku ɗaure, ku tura keken da hannu daga wannan ƙarshe zuwa wancan ku tabbata ba ta maƙale ba. In mitar tana da ƙofa biyu, ku sa na biyu a bututun da ke shiga hed. Ku sa safar hannu, wannan tawadar tana ƙona fata kafin ta bushe.

Sai ku kunna, ku riƙa rubuta lambar fuskar injin da ta mita kowane minti ɗaya. Abin da aka saba gani shi ne injin ya ce ya kai 45 alhali mita tana ƙasa da 'yan digiri, tana hawa a hankali. Lokacin da ta daina hawa, wato ta yi minti biyar ba ta motsa da fiye da rabin digiri ba, shi ne ainihin lokacin ɗumamar injinku, kuma kafin shi kada a fara aikin kwastoma. Daga nan ku buga wani abu mai cin tawada sosai ku ga nawa zafin ke faɗuwa. In yana faɗuwa da digiri uku ko fiye, hitar ƙaramin tanki ce ba ta aiki ko ba a saita ta ba, ko kuma ɗakin ya yi sanyi da yawa.

In bayan an daidaita har yanzu akwai tazara mai tsayawa tsakanin lambobin biyu, ku tambaya ko an taɓa sauya tamisto. Masu kilo-om 10 ba duka ɗaya ba ne. Mai B 3950 da mai B 3435 suna ba da lamba ɗaya a digiri 25, amma a digiri 45 na farko yana kan kilo-om 4.35, na biyu 4.85. In allon yana jiran na biyu aka sa masa na farko, zai ce 48 alhali 45 ne, ya kashe hita da wuri, tawada ta zauna a sanyaye har abada. Mai gyara ya gwada shi a teburi ya ga 10, ya ɗauka daidai ne. Muna ganin wannan ya fi cancanta a bincika kafin a taɓa bolt ɗin hed. Ƙara bolt don a rufe matsalar sanyi yana gyara bugun safe, ya ɓata na rana.

Tambaya: Ni ɗalibi ne, ina haɗa ƙaramin allo na Arduino don in riƙa karanta tamiston hed. Idan injin na tsaye lambar tana nan daram, da ya fara bugu sai ta riƙa tsalle da digiri biyar ko shida. Me na yi ba daidai ba?

Amsa: Ɗan'uwa, zafi ba ya tsalle haka a jikin ƙarfe, hayaniyar lantarki ce. Wayoyin harbi suna ɗauke da bugun wuta masu kaifi sau dubbai a daƙiƙa, ga motar keke, kuma wayar tamisto tana tafiya kusa da su tana kwasa. Murɗa wayoyin tamiston biyu da juna, ka nesanta su da na harbi da na mota, ka ba su hanyar komawa tasu maimakon su raba da wayar ƙasa ta hita. Sa kafasito mai nanofarad 100 daga ƙafar karatu zuwa ƙasa, dab da allon. A cikin manhajar, karanta sau 15, ka jera lambobin, ka ɗauki ta tsakiya; wannan ya fi matsakaici iya zubar da tsalle guda mai girma. In kana da hanyar sanin lokacin da keke ya kai ƙarshen layi, karanta a daidai wannan tsayawar.

Ka kula da reziston da ka haɗa da tamiston. A kusa da zafin ɗaki turjiyar tamisto tana sauyawa da kusan kashi 4 cikin 100 a digiri, don haka rezisto mai kuskuren kashi 5 zai ba ka kuskuren fiye da digiri ɗaya, mai kashi 1 kuwa kusan rubu'in digiri. Zaɓi wanda ya yi kusa da turjiyar tamisto a zafin aiki, kamar kilo-om 4.7 in a 45 kake aiki. Tamisto yana kuma ɗumama kansa da wutar da kake auna shi da ita: a bolt 5 da rezisto mai kilo-om 10 yana cin kusan miliwat 0.6, wanda a ƙaramin tamisto ya isa ya ƙara kusan rabin digiri. Mafita ita ce ka ba shi wuta daga ƙafar Arduino a lokacin karatu kawai.

Abu ɗaya kada ka yi: kada ka haɗa naka allon a kan tamiston da allon injin ke karantawa. Reziston ka zai sauya abin da injin ke gani, ya ruɗe a kan zafin hed. Manna naka tamiston daban.

Tambaya: Ta yaya zan tabbatar ma'aunin nawa ne ba ya ƙarya?

Amsa: Da ƙanƙara. Cika kofi da dakakkiyar ƙanƙara ta tsaftataccen ruwa, ka zuba ruwa kaɗan ya cike ramukan, amma kada ƙanƙarar ta taso ta yi iyo. Juya, ka jira minti biyu, ka tsoma kan tamokopul a tsakiya ba tare da ya taɓa gindin kofi ko gefensa ba. Ya kamata ka ga sifili. Abin da ka gani sama ko ƙasa da haka, rubuta shi a jikin mitar. Tafasasshen ruwa yana ba da maki na biyu, amma 100 ɗin a bakin teku ne. Yana raguwa da kusan digiri ɗaya a kowane mita 300 na tsayin wuri, sai ka san tsayin inda kake. Tunda aikin hed a wajen digiri 40 zuwa 50 yake, gwajin da ya fi dacewa shi ne ruwan ɗumi a filas: ɗaura tamokopul da ma'aunin zazzaɓi na lantarki wuri ɗaya, ka tsoma su a ruwa mai digiri 40 ko 41 kana juyawa. Ma'aunin zazzaɓi yana da daidaiton kusan kashi ɗaya cikin goma na digiri a wannan ɗan zangon.

Mitar tamokopul tana auna zafin soket ɗinta ta haɗa da lissafi. In ka ɗauko ta daga wuri mai zafi zuwa ɗaki mai sanyi, ba ta minti goma sha biyar zuwa ashirin ta saba, kada ka riƙe ta ta wajen soket, kuma kada ka ƙara tsawon wayar da wayar tagulla ta yau da kullum. Batir mai rauni ma yana karkatar da lamba a wasu mitocin, sauya shi kafin gwajin.